Yadda za a nuna warkewar zuciya a fim ɗin soyayya na ƙauye

Malama, kin tambaya yadda za ki rubuta fim ɗin soyayya a ƙauye, wanda jarumarsa ta rasa mijinta, ba tare da ya zama koke-koke daga farko har ƙarshe ba. Shawarata ita ce ki bar lokutan shekara su ja miki labarin. Takaba wata 4 ce da kwana 10, saboda haka idan mijin ya rasu a farkon damina, fitarta za ta zo daidai da kaka, lokacin da ake girbin gero ana ɗaura dammuna, kuma mai kallo zai ga ciwon yana sauka tare da sauyin gona.

Tun da ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba su yarda namiji da mace su taɓa juna ba, sai ki nuna ƙaunar ta hanyar aiki. Manomin da yake sonta ba zai furta komai ba tana cikin takaba, amma zai shiga gayyar noman gonar marayunta, ya gyara dangar da iska ta kayar, ya tafi ko ruwa bai tsaya sha ba. Ranar da ta fara dama fura ta aika masa da ita cikin ƙwarya, kowa ya fahimta.

Ki guji mayar da mutanen ƙauye abin dariya, domin wannan kuskure ya yi yawa a finafinanmu, kuma uwar marigayin ma tana da nata ciwon da ya cancanci a nuna.