Tambaya da Amsa: Nakan yaga abin da na rubuta tun ban kai ƙarshe ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi, kuma shekara uku ke nan ina fama da wani labari da nake burin ya zama littafi, daga baya a mayar da shi fim. Duk lokacin da na rubuta shafi biyar ko shida, sai in koma in karanta, in ga kamar shirme ne, in yaga. Wata ƙawata da ta duba babi ɗaya ta ce Hausata ta Bauchi ce, ba irin ta littafi ba, kuma tun daga ranar ban sake ɗaukar biro ba. Shin baiwar ce ba ni da ita, in haƙura?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Ban ga alamar rashin baiwa a wasiƙarki ba. Abin da na gani shi ne kin haɗa rubutu da gyara a zama ɗaya, alhali magini ba ya tsayawa yin yaɓe bango bai tashi ba. Shafi shida sun yi kaɗan a yanke wa labari hukunci da su, domin sau da yawa marubuci ba ya gane inda labarinsa ya dosa sai ya wuce rabi, a lokacin ne zai san abin da ya kamata ya zauna a babin farko.

Saboda haka ki ware lokaci guda wanda ba ya sauyawa, ko bayan sallar Asuba kafin hidimar gida ta taso, ko lokacin tara a makaranta, ki rubuta kalma 300 kowace rana. A kwana 100 kin tara kalma 30,000, wanda ya isa ɗan madaidaicin littafi. Sharaɗin kawai shi ne kada ki karanta abin da ya gabata sai sakin layi na ƙarshe, kuma ki riƙa tsayawa a inda kin san abin da zai biyo baya, don gobe ki tarar da bakin zaren a hannu. Ranar da makin jarrabawa ya sha kanki, layi biyu ma sun wadatar.

Maganar ƙawarki ce ta fi tsaya mini a rai, don na san marubuta da dama da irin wannan kalma ta kashe wa gwiwa. Gaskiya ne bayanin marubuci, wato inda yake ba da labari da bakinsa, ya fi kyau a daidaitacciyar Hausa, kuma wannan abu ne da ake koyo da yawan karatu. Amma maganar jarumai ba ta ƙarƙashin wannan doka. Idan tsohuwa a labarinki haifaffiyar Bauchi ce, ta ce "na kai abinci wa Malam" a inda Bakano zai ce "na kai wa Malam abinci", to ki bar mata maganarta yadda take, domin da wannan jimla ɗaya mai karatu ya san garinta, ba sai kin ɓata sakin layi wajen gaya masa ba. Kunnen da kika tashi da shi a cikin wannan karin harshe jari ne wanda marubucin wani gari ba zai iya saye ba. Ki ajiye ƙaramin littafi a jaka, ki riƙa kwafe yadda ake ciniki a Kasuwar Wunti, da yadda mata suke zolayar juna a gidan biki, da hirar fasinjoji a Keke Napep.

Ki kuma tuna cewa Abubakar Tafawa Balewa yana matashin malamin makaranta a nan Bauchi ya rubuta Shaihu Umar, wanda ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, kuma a 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim. Hanyar da kike son bi, daga aji zuwa littafi zuwa majigi, ɗan ƙasarki ya riga ya share ta.

Game da fim, ina ba ki shawara ki gama littafin tukuna, amma ki fara horar da hannunki tun yanzu. Kyamara ba ta ganin zuci. A littafi kina iya cewa amarya ta ji haushin uwar mijinta, amma a rubutun fim dole haushin ya zama aiki: ta dire kwanon da ƙarfi, ko ta amsa gaisuwa ba tare da ta ɗago kai ba. Sau ɗaya a mako ki ɗauki sakin layi guda ki mayar da shi fitowa, wato ɗan yanki guda na fim, ki cire duk abin da ido ba zai gani ba, kunne kuma ba zai ji ba, kina la'akari da cewa shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. Sannan ki karanta maganganun da babbar murya, duk inda harshenki ya sarƙe, na ɗan wasa ma zai sarƙe.

Shafukan da ba su gamsar da ke ba kuwa, ki daina yagawa, ki zuba su a ambulan. Idan kin kai ƙarshen labarin, ki ajiye shi mako uku ba ki buɗe ba, sannan ki ba mutum biyu masu son karatu, kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, ki tambaye su a wane shafi suka ji kamar su ajiye shi. Daga wannan shafin za ki fara gyara.