Kitse, maiƙo, da kallon da ake wa rogo

Wata 'yar uwa daga Gadarif ta rubuto tana cewa: "Malam, yarana sun fi sanin shaham na Larabci, sun tambaye ni bambancin kitse da mai da maiƙo na kasa. Kuma likita ta ce wai kitsen jikina yana aika saƙo, wannan wace irin magana ce?"

To Hajiya, kitse shi ne farin nan da mai agashe ke tsirawa tsakanin yankan nama. In ya ji wuta ya narke yana ɗiga kan garwashi ya zama mai, wanda ya rage miki a yatsu da takardar da aka naɗe naman kuwa, shi ne maiƙo. Daga farin kitsen nan aka samo "kallon kitse ake wa rogo", don ɓararren rogo fari ne tas, mai kwaɗayi ya hango daga nesa sai yawunsa ya tsinke, ashe rogo ne. Ana faɗa in an ɗauki mutum ko abu fiye da yadda yake.

Maganar likitarki kuwa gaskiya ce. Da can har masana ma rumbu kawai suka ɗauki kitse, wurin da jiki ke tara rarar abinci. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano wani furotin da ƙwayoyin kitse ke zubawa cikin jini, aka sa masa leptin, daga kalmar Girkanci mai nufin siriri. Shi ke kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa rumbu da kaya, a rage ci. Ɓerayen da ba su da shi ci suke ba ƙaƙƙautawa har su yi ƙiba kamar za su fashe. Abin mamakin, mai teɓa leptin ɗinsa yawa gare shi, ƙwaƙwalwar ce ta yi kunnen uwar shegu da saƙon.

Akwai kuma adiponektin, wani furotin da kitse ke fitarwa, shi yana taimaka wa insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, wajen shigar da suga cikin tsoka, amma tumbi na girma shi yana raguwa, shi ya sa ake yawan ganin teɓa da ciwon suga tare.

Ni dai ban yarda mu ce wa leptin da adiponektin "ruwan kitse" ba, sai a zaci maiƙo ne. "Ɗan aiken kitse" ya fi zama a baki, ki gwada wa yaran ki ji.