Amsa: Yaushe sabon makaniki zai yi sauri a gyaran injin masana'anta?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa yaron da kuka ɗauka a masana'antarku ta Ikeja yake cin yini guda kan gyaran da tsofaffin hannu ke gamawa kafin azahar.

A 1936 wani injiniya Ba'amurke, T. P. Wright, ya lura cewa duk sanda yawan jiragen saman da aka ƙera ya ninka, aikin da kowane jirgi ke ci yakan ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Maimaitawa ce ke kawo wannan.

To, gyara ba ya maimaituwa haka. Juyen baƙin man janareta da canjin bel, waɗannan yaron zai ƙware da wuri, tunda a Legas janareta ba ya hutawa. Amma babbar matsala irin ta giyar inji ko ƙonewar mota, wato na'urar lantarkin da ke juya inji, sai a daɗe ba ta faru ba, kafin ta dawo hannu ya manta. Kuma gano inda cutar take ya fi kwancewa da ɗaurawa cin lokaci.

Ku ajiye littafin da ake rubuta kowace lalacewa da yadda aka magance ta, ku riƙa haɗa yaron da ogansa a manyan ayyuka. Don Allah kada ku sallame shi yanzu, wanda zai maye gurbinsa daga farko zai soma.