Kafin ka ƙirga wa mai kaya kuɗi, leƙa BIOS tukuna

Tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, saƙonnin da ke zo mini suka sake kama. Da can ana tambayata wace firinta ce ba ta shan tawada. Yanzu daga mai shagon fotokofi har ɗalibin jami'a, kowa bakinsa TPM da Secure Boot, abubuwan tsaro biyu da ake magana a kansu in za a koma Windows 11, kuma rabinsu sai sun taɓa abin ya ƙi tashi suke rubutowa. Ga waɗanda na zaɓa a wannan makon.

Wani mai shagon buga takardu a unguwar Zariya ya ce: "Ina son ƙara kwamfutar tebur a shago. Mai kaya ya nuna mini guda biyu na gwanjo, Dell OptiPlex 9020 mai i7 da OptiPlex 3060 mai i5. Ya ce in ɗauki mai i7 don ta fi ƙarfi, ga shi kuma ta fi araha da jika 15. Wacce zan ɗauka?"

Malam, cika jika 15 ɗin ka ɗauki 3060. Wannan tambarin i7 da aka manna a gaban akwati ya ci kuɗin mutane da yawa a garin nan. Shi i7 sunan gida ne, ba ya faɗa maka shekarun mai shi. Abin dubawa shi ne lambar da ke binsa. A cikin 9020 za ka tarar da irin su i7-4770, kuma wannan 4 ɗin na farko yana nufin tsara ta 4, ta wajen 2013. A cikin 3060 kuwa irin su i5-8500 ne, tsara ta 8, ta 2018, mai ƙwaƙwalwa 6 inda waccan ke da 4. Ka ga ko a ƙarfin ma da ake yi maka talla, ƙaramar ta kayar da babbar. Sannan Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, daga tsara ta 8 take karɓar injunan Intel, in ban da 'yan ƙalilan na tsara ta 7. A wajen AMD kuma galibi daga Ryzen 2000. Tana kuma neman TPM 2.0, wato ɗan ma'ajin da ke riƙe makullan sirrin inji, kamar asusun ƙarfe da aka gina cikin bango.

Na san abin da mai kaya zai ce: "To ai ga Windows 11 nan a kan mai i7 ɗin tana aiki." Gaskiya ne, ana iya shigar da ita ta bayan gida. Sai dai Microsoft da kanta ta ce ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan injuna gyare-gyaren tsaro ba. Inji a shagon da kowa ke zuwa ya soka kile ɗinsa, ni ba zan ɗora shi a kan wataƙila ba.

Amma ko 3060 ɗin kada ka biya sai an jona ta a gabanka. Da ta kunna, yi ta danna F2 har ta shiga BIOS, wato shafin saitin injin kansa da ke tashi kafin Windows. HP kuwa F10 ce, Lenovo na tebur F1, waɗanda aka harhaɗa da allon ASUS ko MSI ko Gigabyte yawanci Del, wadda a madannan Faransanci aka rubuta Suppr. In ka shiga, gwada canza wani ƙaramin abu, ko da agogo ne. Galibin injunan nan daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, kuma wasu da kalmar sirrin kamfanin suke zuwa. Windows za ta tashi lafiya lau, ba za ka san da kulle ba sai ranar da ka buƙaci sauya wani abu.

Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi wata a hannun wani ɗan kasuwa, na ga ta kunna, na ga allo fes, na ɗaure ta a bayan kabu-kabu na yi gida ina murna. Bayan wata biyu na so in tada ta daga kile, sai na tarar duk saitin ya yi fari-fari ba ya taɓuwa, ga ɗan hoton kwado a ƙasa. Na koma, ya ce shi ma haka aka kawo masa cikin kwantena. Tsofaffin injunan tebur suna da wani ɗan maɓallin roba a kan babban allo da ake zarewa kalmar ta goge, wannan ya cece ni. Sababbi da yawa ba su da shi, kuma cire batir ba ya goge musu komai. Saboda haka in ka ga kwado, mai kaya ya buɗe a nan take ko ya sauya maka wata.

Kana ciki, leƙa sashen Security ka ga an rubuta TPM 2.0 ko PTT, sunan da Intel ke kiran nata; AMD kuma fTPM take cewa. In ka ga Computrace ko Absolute an kunna shi, wannan na bin sawun injin da aka sata ne, kamfanin farko ya sa. Ka fi samun kwanciyar rai da wadda ba a kunna mata ba.

Wani malamin makaranta daga Tasawa ya rubuto hankali tashe: "Na ga an ce sai an kunna Secure Boot kafin a sa Windows 11. Na shiga BIOS na sauya Legacy zuwa UEFI na kunna shi. Tun daga nan baƙin allo kawai, wai babu abin da za ta tashi da shi. Mai gyara ya ce sai an yi fomata. Sakamakon ɗalibaina na ciki."

Mushe, kada ka bari a yi fomata. Ko takarda ɗaya ba ta ɓace ba. Koma BIOS, kashe Secure Boot, mayar da Legacy yadda ka same shi, za ta tashi kamar ba a yi ba.

Abin da ya faru shi ne, Legacy tsohuwar hanyar tada inji ce, UEFI kuma sabuwa, haka shi ma faifai yana da tsarin rabo iri biyu, tsohon MBR da sabon GPT. An sa maka Windows ta tsohuwar hanya a kan MBR, shi kuma UEFI ƙofar GPT yake nema. Ka sauya makulli ba ka sauya kwado ba. Da ka fara dubawa da ka gani: danna tutar Windows da R, rubuta msinfo32. A Windows ta Faransanci layin Mode BIOS zai ce Hérité ko UEFI. In Hérité ne, akwai aiki kafin a taɓa BIOS.

Aikin kuwa, fara kwafe takardunka zuwa wani faifai na waje, ba na wasa da wannan. Sannan buɗe Invite de commandes, baƙar tagar nan ta rubuta umarni, da ikon mai gudanarwa, ka rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS. Wannan kayan aiki yana cikin Windows 10 tun fitowar 2017. In ya ce faifan ya dace, sake rubutawa da /convert a madadin /validate. In ya ƙi, yawanci an yanka faifan ne gida-gida fiye da 3, yadda masu gyaranmu ke son yi, C da D da E da F. A nan sai ka nemi wanda ya iya. In ya yi, to yanzu ne za ka shiga BIOS ka zaɓi UEFI, ka kashe Legacy, wanda wasu injuna ke kira CSM, daga ƙarshe ka kunna Secure Boot. Ka lura, juyawar ba ta da komowa ta wannan hanya, kuma kada ka fara ta a lokacin da ka san wuta na wasa.

Kafin ma ka sha wannan wahala, duba lambar injinka kamar yadda na gaya wa mai shagon Zariya. In tsara ta 6 ce, Secure Boot ba zai sa ta cancanci Windows 11 ba. Kuma kada a ɗauke shi maganin kowace cuta. Ya zo ne tare da Windows 8 a 2012, aikinsa tsayuwa bakin ƙofa lokacin da inji ke tashi, ya duba sa hannun duk abin da ke son ya riga Windows shiga. Ƙwayar cutar nan ta kile mai ɓoye takardu ta bar maka gajerun hanyoyi, wadda ta addabi shagunan fotokofi, bayan Windows ta tashi take shigowa. Secure Boot bai ma san da ita ba.

Wata ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta ce: "An ce mu sa Ubuntu cikin VirtualBox don darasi. Tawa HP EliteDesk ce mai RAM 8. Da na tada sai ta ce VT-x a kashe yake. Wani ɗan ajinmu ya ce injina ne ya tsufa, sai na sayi sabo."

Ƙanwata, riƙe kuɗinki. VT-x shi ne sashen injin Intel da ke bai wa VirtualBox damar tada wani tsarin, kamar Ubuntu, a cikin tagar Windows, kuma saƙon da kansa ya gaya miki abin yana nan, kashe shi aka yi. HP na ofis sau da yawa haka suke fitowa. Danna F10 lokacin kunnawa, shiga Advanced, sannan System Options, ki sa alama a Virtualization Technology. A tsofaffin EliteDesk yana ƙarƙashin Security, cikin System Security. Ki adana ki fita. Mai AMD ya nemi SVM Mode. Akwai wani kusa da shi mai suna VT-d, darasinki ba ya bukatarsa. Don ki tabbatar, buɗe Gestionnaire des tâches, Performances, Processeur, za ki ga an rubuta Activé a gaban Virtualisation.

In Ubuntu ta tashi amma tana jan ƙafa, dubi ƙasan tagar VirtualBox ta dama. In kin ga ɗan koren kunkuru, to Windows ce ta riga ta riƙe VT-x don kanta, ta hanyar Hyper-V, nata mai irin aikin VirtualBox, ko wani tsaro da ake kira Intégrité de la mémoire, VirtualBox kuma aro yake yi. Kashe su zai kori kunkurun, amma kin rage garkuwa ke nan. A injin karatu zalla zan kashe. In injin ne da gida ke ajiye hisabin kasuwanci a ciki, gara a yi haƙuri da kunkuru, ko ki tambayi malaminku ko zai karɓi WSL, wanda ke gudanar da Ubuntu cikin Windows ba tare da wannan rigima ba.

In akwai ɗan kuɗin da aka ware miki, RAM za ki ƙara. Ubuntu na son aƙalla GB 4 ita kaɗai, Windows ta cinye sauran. Kai shi 16, kuma ki tafi kasuwa da wanda ke cikin injin a hannu, don DDR3 ba ya shiga ramin DDR4 ko an matsa. In har yanzu faifai mai juyawa ne, sayen SSD, faifan nan mai sauri da ba ya juyawa, ya riga RAM ɗin ma.

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a babbar kasuwa ya aiko ta hannun ɗansa: agogon kwamfutar yana ta komawa baya, yaro ya canza batirin ciki, ya kuma danna wurin mayar da BIOS yadda ta fito daga kamfani. Yanzu shuɗin allo ne yana neman wasu lambobi.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, yaron bai yi laifi a batir ba. CR2032 ne, ɗan faifai mai bolt 3, kuma inda inji ke yini ba wuta a jikinsa ya fi saurin ƙarewa. Mayar da saitin ne ya jawo. Faifanku a kulle yake da BitLocker, kwadon da Windows ke sa wa faifai, makullin na cikin TPM, shi kuma ba ya sakinsa sai ya ga injin ya tashi yadda ya saba. Da ya ga an sauya, sai ya ɗauka ɓarawo ne. A koma BIOS a tabbatar TPM a kunne yake, UEFI da Secure Boot ma haka. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Akwai wani wuri da aka rubuta Clear TPM, a ja wa yaron kunne kada hannunsa ya kai can.

In bai buɗe ba, sai lambobin nan 48 da shuɗin allon ke nema. Yawanci suna cikin asusun Microsoft da aka yi amfani da shi ranar da aka sa Windows, ana ganinsu ta waya in an shiga asusun. A nan ne ake kuka, domin sau da yawa mai sa Windows da nasa asusun yake yi don ya gama da wuri. In haka ne, shi za ku nema tun lambarsa na shiga. Duk wanda ya ce zai fasa muku ba tare da lambobin ba, fomata zai yi ya ce an dace da injin. In Allah ya sa an samu, a rubuta su da biro a ajiye inda ake ajiye takardun fili. Gaba kuma kafin a taɓa BIOS, a shiga BitLocker a dakatar da kariyar na ɗan lokaci.

In za ku sa wa BIOS ɗin kalmar sirri don yara, shawara ce mai kyau, amma yawancin BIOS madannan Ingilishi suka sani. A namu na Faransanci, kuna danna A tana karanta Q, kuna danna Z tana karanta W. Ku guji A, Q, Z, W da M, don kada ranar da aka canza madannai kalmar ta ƙi ku.

Wani kuma daga Madarumfa ya tambaya ko ya sabunta BIOS tunda ya ga sabo ya fito. In injin na aiki kuma ba ka da ondular, akwatin batirin nan da 'yan Kano ke ce wa UPS, dakata har ka samu. Mintuna kaɗan ne aikin, amma in wuta ta ɗauke a tsakiya, injin na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ka ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera injin kaɗai, da ainihin lambar samfurinka. Kuma tunda ka shiga, nemi AC Recovery a Dell ko After Power Loss a HP ka sa shi a Power Off, don kada injin ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da aka kawo wutar nan mai zuwa ta koma kafin fanka ta gama juyi ɗaya.