Amsa: Rage kuɗin cefane a Amurka

'Yar'uwa, sannu da zuwa. Kin tambaya ko rangwamen intanet yana rage kuɗin cefane da gaske. Yana ragewa, amma sai kin san inda yake aiki.

Fara da katin rangwame na shagon da kike zuwa. A shagon Kroger, misali, kina shiga manhajarsu ki latsa rangwamen da kike so, ya hau katinki, a cire miki wajen biya. Manhajar Ibotta kuwa bayan saye take mayar da kuɗi: ki zaɓi kayan a cikinta tun kafin ki fita, ki ɗauki hoton rasit, kuma sai kuɗin sun kai dala 20 za ki iya cirewa. Kada ki bar rasit ya daɗe, akwai wa'adi.

Abin da ke damuna shi ne yawancin rangwamen kan kayan kwali ne da na gwangwani, ba abin da muke girkawa ba. Naman halal, manja da daddawa a shagunan 'yan Afirka ba su da shi. Shinkafa ki sayi babban buhu a shagon Indiyawa. Madara, ƙwai da albasa kuwa ki duba shagon Aldi. Ba sa karɓar kupon ɗin kamfanoni, wato takardun rangwamensu, amma farashinsu ƙasa yake.