Kada ka ninka jarinka saboda PhysX

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon wasan kwamfuta a Kano, na tara kuɗin haɗa kwamfutoci shida. Mai sayar min da kaya ya ce kowace sai na sa mata katin girafik na Nvidia, in kuma ƙara ƙaramin kati na biyu saboda PhysX, wai shi ke sa hayaƙi, tufafi da rushewar gini su fito kamar gaske. Kuɗin ya kusa ninkawa. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Katin nan na biyu kada ka saya.

Maganar mai kayan naka tana da asali, sai dai ta tsufa. Wani kamfani mai suna Ageia ne ya fito da katin PhysX na musamman a 2006, wanda ba shi da aiki sai lissafin yadda abubuwa ke faɗuwa, su yi karo, su watse. Nvidia ta saye kamfanin a 2008, ta mayar da lissafin cikin katunanta na GeForce. A lokacin, wanda ya buga Mirror's Edge, Mafia II ko Borderlands 2 da katin Nvidia yana ganin gilashi na tarwatsewa, yadi na kaɗawa, mai katin AMD, kamfanin da ke gogayya da Nvidia, kuwa in ya kunna su sai wasan ya riƙa sarƙewa. To amma wasannin da aka gina a kan haka kaɗan ne, yawancinsu kuma sun haura shekara goma. Yanzu firosesa ke ɗaukar mafi yawan wannan lissafi. Havok, wani tsarin yin irin wannan lissafi wanda Microsoft ta mallaka tun 2015, a kan firosesa yake tafiya. Unreal Engine 5, injin da ake gina wasanni da shi, ya ajiye PhysX ya koma nasa mai suna Chaos. Ita kanta Nvidia da ta fito da jerin RTX 50 a farkon 2025, katunan sun zo ba sa ɗaukar PhysX ɗin tsofaffin wasanni masu bit 32.

Ka zauna a shagonka kwana uku kana rubuta abin da yara ke biya su buga. Na tabbata ƙwallo ce za ta yi rinjaye, EA Sports FC da eFootball, sai wasannin faɗa da na mota. Babu wanda cikinsu ke neman kati na biyu. Abin da ke korar kwastoma shi ne hoto ya tsaya ana tsakiyar wasa.

Inda nake so ka daɗe da kalkuleta shi ne wuta, domin nan ribar irin shagonka ke zubewa ba a gani. RTX 3060 yana jan wat 170, RX 6600 na AMD wat 132, RTX 4060 kuma 115. Tsakanin 3060 da 4060 wat 55 ke nan. Kwamfuta shida, awa goma a rana, ya zama yunit 3.3 kullum, kusan yunit 100 a wata. A farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, ka haura naira 22,000 duk wata, a janareto kuwa ya fi haka. Kati na biyu shi ma sha zai yi ko ba ya aiki, ga ƙarin zafi cikin akwati a watan Afrilun Kano.

In na hannu za ka saya, ka yi hattara. Tun da kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙo, wato samar da kuɗin da katunan girafik, a Satumban 2022 katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Kada ka biya sai an kunna maka wasa mai nauyi na awa guda a gabanka, kana sauraren fanka, kana kallon zafinsa.

Kati ɗaya mai ma'adanar giga 8 a kowace kwamfuta ya ishe ka, na Nvidia ko na AMD, wanda ya fi sauƙi a ranar. Rarar kuɗin ka zuba ta a firosesa mai kyau, UPS da ƙarin hannayen wasa. In akwai masu nacin tsofaffin wasannin nan, kwamfuta ɗaya ka sa mata RTX 3060 ko 4060, ka ɗan ƙara mata kuɗin awa.