Wane ne Klosé, mai littafin koyon kilarinet?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Garwa ne, babana mai busa algaita ne, ni kuma na shiga ƙungiyar baduja ina koyon kilarinet. An ba ni aron wani tsohon littafin Faransanci mai suna Klosé a bango. Wane ne shi? Kuma littafin bai tsufa da yawa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka riƙe littafin nan da kyau.

Hyacinthe Klosé an haife shi a tsibirin Korfu a 1808, ya rasu a Faris a 1880. Ya yi busa a badujar soja, ya koyi sana'ar a hannun Frédéric Berr, kuma da malamin nasa ya rasu a 1838 shi ya gaje shi a babbar makarantar kiɗa ta Faris. Shekara 30 ya yi yana koyarwa a can.

Babban aikinsa kuwa yana hannunka duk lokacin da ka ɗauki kilarinet. Kayan busan nan yana da wani hali: idan ka danna maɓallin babban yatsa, sautin ba ya hawa mataki takwas kamar na sarewa, mataki 12 yake tsallakewa. Saboda haka ana bukatar ramuka fiye da yadda yatsu za su iya rufewa, kuma a da wasu sautukan a dushe suke fita. Klosé ya haɗa kai da maƙeri Louis-Auguste Buffet, suka ɗauko dabarar zobba da Bajamushe Theobald Boehm ya sa wa sarewa, suka ƙera sabon tsari wajen 1839 zuwa 1843. Yatsa guda sai ya rufe raminsa, zoben kuma ya rufe wani can nesa. Yawancin duniya wannan tsari take bi har yau, ban da Jamus da Ostiriya. Abin mamaki, sunan Boehm ake kiransa da shi, alhali aikin na Klosé ne da Buffet.

Littafin ya rubuta shi ne domin wannan sabon tsari, shi ya sa bai tsufa ba. Almajirinsa Cyrille Rose shi ma ya zama malami a makarantar, kuma ɗalibai na nan suna fama da darussansa 32.

Gadon gidanku zai taimake ka wajen numfashi, domin ba a koya wa ɗan mai algaita juriya. Sai dai algaita harshe biyu gare ta, wato 'yan siraran kara masu kaɗawa su ba da sauti, ana cusa su cikin baki, a cika kumatu. Kilarinet harshe ɗaya ne, yana kwanciya a kan leɓen ƙasa, kumatu kuma a ɗaure. Kada ka tsallake shafukan farko masu dogayen sautuka don ka ga kamar masu sauƙi ne. Ka yi su kullum gaban madubi, kana lura da kumatunka, kafin ka shiga darasin hawa daga ƙananan sautuka zuwa manya.